Kwana tara a kan birkin wata tsohuwar mota

Motar da ta koya mini birki Chevrolet ce, samfurin 1966, durom a ƙafafu huɗu, kuma babu komai tsakanin ƙafar direba da tayoyi sai feda da man birki da masta, wato famfon da ke tura man zuwa ƙafafu. Mai ita dattijo ne da gwiwarsa ta dama ta fara damunsa. Ya ce ba zai iya rabuwa da motar ba, amma duk sanda ya shiga cunkoso sai ya ji kamar dutse yake turawa da ƙafa. Buƙatarsa ɗaya ce, a saka mata busta, na'urar da ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi, birki ya yi laushi. A lokacin na daɗe a gareji, na canza layinin, wato takalmin birkin da ke matse durom, ba adadi, cire iska daga birki kuwa ko ido a rufe zan yi. Da maigidana ya ce ni zan riƙe aikin, a raina na ba shi yini ɗaya: ƙusoshi huɗu, tiyo ɗaya, a tada inji. Sai da na kwana tara a kanta.

Ban kai ga ɗauko sifana ba maigida ya tambaye ni, "Ka auna zuƙar injin?" Na ce ban auna ba. Ya ce, "To da me kake so bustar ta yi aiki?"

Tambayar nan ce ta sa na tsaya na fahimci abin da na sha kwancewa da ɗaurawa ba tare da na san cikinsa ba. Busta kamar kwanuka biyu ne da aka kifa baki da baki, a tsakiya akwai tantanin roba da ya raba ta gida biyu. Injin fetur, musamman yana silo, wato a kunne ba a ba shi wuta ba, yana zuƙar iska ta manifol, bututun da ke kai iska cikin inji, kuma wannan zuƙar ake janyowa da tiyo ta kwashe iskar da ke gidajen biyu. Da ka taka feda, wani bawul zai buɗe wa iskar waje hanya ta shiga bayan tantanin, gabansa kuwa yana nan wayam. Iskar da muke shaƙa ita ce ke yin turin. Dabarar tsohuwa ce, tun shekarun 1920 wani injiniya ɗan Beljiyam, Albert Dewandre, ya fito da ita. Lafiyayyen inji yana ba da inci 17 zuwa 21 a agogon auna zuƙa. A lissafin takarda, da inci 18, tantani mai faɗin inci 9 zai ba ka turin da ya kai nauyin kilo 250, mai inci 7 kuma wajen kilo 150. Wato inci biyu kacal na bambancin faɗi sun cinye maka kilo ɗari. Shi ya sa idan wuri ya yi ƙunci a ƙarƙashin bonet ake neman mai tantani biyu a jere, ba a tsaya ga ƙarama don kawai ta shiga ba.

Namu injin ya ba da 18, allurar agogon kuma ba ta rawa. Da an taɓa saka masa kamshaf na tsere, da zuƙar ta faɗi ƙasa da abin da busta ke buƙata, sai ka yi aikin duka ka tarar da feda tauri kamar da. Irin waɗannan, da injinan dizal da ba su da wannan zuƙar, famfo na daban ake saka musu, ko a koma ga bustar da ke aro ƙarfi daga famfon sitiyari. Awon nan bai ci mini minti biyar ba, kuma da shi ya kamata in fara tun kafin a sayo komai.

Kuskurena na farko a kan feda na yi shi. Feda ba sandar takawa ba ce kawai, tana ninka ƙarfin ƙafa. Idan ka auna daga inda aka rataye ta zuwa inda ƙafa ke sauka, ka raba da nisan marataya zuwa inda sandar masta ta kama, abin da ya fito shi ne yawan ninkin. Motar da ba ta da busta tana son kusan ninki shida, mai busta kuwa kusan huɗu. A jikin fedar motar nan akwai huda biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Na mayar da sandar inda na same ta, a ta sama, tunda can take tun daga kamfani. Da muka gwada a fili, ko taɓa fedar na yi sai motar ta dunƙule, hancinta ya duƙa. Babu tsaka-tsaki, ko dai ba birki ko kuma duka. Da na leƙa ƙarƙashin dashbod da fitila sai na ga sandar ma a karkace take shiga bustar, tana gugar gefe. Hudar ƙasa ba don ado aka yi ta ba, ta masu busta ce. Na sauko da sandar, na sake daidaita makunnin fitilar birki da ya goce, motar ta dawo hayyacinta.

Na biyun shi ne wanda har yau nake jin warinsa.

Bayan na gama komai, na cire iska, feda ta yi daɗi, na fita gwaji mai ɗan nisa. Minti goma na farko lafiya lau. Daga nan sai na ji motar ta fara nauyi, kamar an ɗaura mata tirela. Ina ƙara wuta tana ƙara jan jiki. Fedar birki ta tashi sama ta yi tauri, ba wasa ko kaɗan. Sai wari ya shigo ta taga, warin layinin da ke ƙonewa, wanda duk makaniki ya sani. Na gangara gefe na tsaya. Na kai hannu kusa da wil ɗin gaba, ban taɓa ba, zafin ya mayar da ni. Na zaga duka huɗun, duka haka. Da ɗaya ce da na ce sifirin ne ko silindar ƙafa, amma huɗu a lokaci guda, matsalar tana sama.

Na kira maigida. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗauko sifana, ka sassauta noti biyun da suka riƙe masta a jikin busta, zagaye biyu kawai, sai ka tura motar." Na sassauta, masta ta ɗan matso gaba, na ji wani ɗan motsi a cikin tankin mai. Na sa kafaɗa, motar da ta ƙi motsi ta gangara salin-alin.

Da na dawo ya ɗauko wata tsohuwar masta da aka fasa, ya cire murfi, ya ce in leƙa gindin tankin. Akwai wata 'yar huda, ba ta fi bakin allura ba. Ya ce idan ka ɗaga ƙafa daga birki, fistan yana komawa baya har robarsa ta wuce wannan hudar, man da ke cikin bututu ya sami hanyar komawa tanki. Sandar da ke fitowa daga busta ta yi tsawo da kamar milimita ɗaya da wani abu, don haka tana danne fistan kullum, robar ta rufe hudar. Mota na sanyi ba za ka gane ba. Da layinin ya ɗan goga, mai ya yi ɗumi, ya kumbura, ba shi da mafita sai ya ƙara matse birki, matsin ya ƙara zafi, zafin ya ƙara matsi. Haka za su yi ta yi har motar ta tsaya cak, ko man ya tafasa ka taka ka ji babu komai. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ka san ɗaura busta, ba ka san tazarar da ke cikinta ba."

Tazarar da ake nema tsakanin kan sandar da gindin fistan kusan rabin milimita ce. Ta wuce haka sosai, feda za ta yi tafiya a banza kafin birki ya kama. Ta gaza, ka ga abin da ya same ni. Ana auna zurfin ramin da ke bayan fistan, a auna yadda sandar ta fito daga busta, a cire wannan daga wancan. Wanda ba shi da ma'auni yana iya liƙa ɗan ƙullin laka mai laushi a kan sandar, ya ɗaura masta, ya kwance, ya ga kaurin da ya rage. Abin da ya ruɗe ni shi ne ban san mastoci sun bambanta a nan ba. Wasu raminsu mai zurfi ne, wasu ɗan lotsawa ne kawai, kuma daga waje kamarsu ɗaya. Layinin gaba da na ƙona sai da aka canza, kuma ni na je na gaya wa mai motar dalili da bakina.

Ita mastar ma dama sabuwa muka saka, ba don bustar kaɗai ba. Ta asali mai ɗaki ɗaya ce, mai guda ne ke zuwa ƙafafu huɗu, bututu ɗaya ya fashe ka rasa birki baki ɗaya. Motocin Amurka sun koma masu ɗaki biyu daga samfurin 1967, doka kuma ta wajabta hakan daga farkon 1968, tamu shekara ɗaya ta rage mata. A ganina duk wanda ya kwance birkin irin wannan mota ya mayar mata da mai ɗaki ɗaya bai kyauta wa mai ita ba, ko da sunan riƙe asali ne. Faɗin cikin masta shi ma sai an duba. Marasa busta sukan yi amfani da inci ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan, don siriri ya fi ba da matsi, masu busta kuwa sukan kai inci ɗaya da ɗigo. Kuma tunda durom ne, sai an tabbatar akwai ɗan bawul ɗin da ke riƙe ragowar matsi kaɗan a bututu, don robobin silindar ƙafa su zauna a manne da bangon silindar, kada iska ta sulale ciki.

Na ɗauka an gama, sai motar ta fito da abin da ta daɗe tana ɓoyewa. Da birki mai ƙarfi ta fara fizgar sitiyari zuwa hagu. Muka buɗe ƙafar dama ta gaba, silindar tana tsattsafo mai. Tiyon roba na baya ya tsattsage, kana taka feda kana ganinsa yana kumbura kamar jijiya. Duk waɗannan suna nan tun da, sai dai ƙafar dattijon ba ta taɓa kai matsin da zai tona su ba. Busta ba ta gyara komai a ƙafafun mota. Abin da ta tarar shi take ninkawa, mai kyau da marar kyau. Muka canza tiyo uku da silinda huɗu, muka wanke bututu da sabon mai. Mun tsaya a kan man birki samfurin DOT 4, kuma na rufe fenti da tsumma kafin in buɗe gwangwani, don man birki yana cin fenti. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran. Tiyon zuƙa ma sai da na canza, don na fara saka tiyon fetur, na ga yana lotsewa idan inji ya yi zafi.

Akwai abin da ya rage mini a rai game da aikin nan. Durom ɗin irin waɗannan motoci yana taimakon kansa, juyawar ƙafa ce ke ƙara cusa layinin a jikin durom, shi ya sa aka yi shekaru ana tuƙa manyan motoci ba busta. Idan an daidaita shi da kyau, feda tana gaya wa ƙafarka duk abin da taya ke yi a kan titi, kuma busta tana rage wannan jin. Da matashi mai lafiyar ƙafa ne ya kawo ta, da na ba shi shawarar a gyara abin da ke akwai tukuna, ya tuƙa wata guda, sannan ya yanke hukunci. Amma gwiwar dattijon gaskiya ce, kuma birkin da mutum ba zai iya takawa har ƙasa ba a lokacin haɗari bai amfane shi ba. Tsohuwar mastar da sandarta da ƙusoshinta na zuba su a kwali na sa masa a but, ban huda komai a jikin motar ba, duk ranar da aka so mayar da ita yadda take za a iya.

Ranar da ya zo ɗauka, ya zauna ya taka fedar, ya yi murmushi, ya ce yanzu kam za ta tsaya kamar sabuwar mota. Na ce, "Baba, ƙafarka ce ta huta, amma nisan da za ta ci kafin ta tsaya yana hannun tayoyi da durom, kuma su ne dai na jiya. Kada ka rage tazarar da ka saba bari." Sannan na roƙe shi ya ba ni minti goma. Muka shiga fili, na ce ya kashe inji ya taka birki. Na farko laushi, na biyu laushi, na uku ya fara tauri, na huɗu ya koma dutse. Na nuna masa ɗan bawul ɗin da ke bakin tiyo, wanda ke tsare ragowar zuƙa idan inji ya mutu, na ce abin da ke ciki ke nan, taku biyu ko uku. Na ce ya bar ƙafarsa a kan fedar ya tada inji, ya ji ta ɗan nutse ƙarƙashin takalminsa, alamar busta na aiki.

Daga nan na sa ya tafi a hankali kamar tafiyar ƙafa, ya kashe inji, ya ƙarar da zuƙar, ya tsayar da motar da ƙarfinsa kaɗai. Yanzu da sandar ta koma hudar ƙasa, fedar ta fi ta da tauri idan ba busta, kuma na ga hakan a fuskarsa. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya danna har ya ɗago daga kujera, motar ta tsaya. Ya yi shiru kaɗan yana murza gwiwarsa, sannan ya ce mu sake sau ɗaya.