Yadda Na Ƙirƙiri Dodon Sararin Samaniya

Labarin da nake rubutawa na wasu mutane ne da ke tafiya cikin kumbo tsakanin taurari, kuma tun farko na san sai an sa dodo a ciki. Amma ban so irin wanda kowa ya saba da shi ba, mai haƙora da farata da ruri. Rurin ma ba shi da amfani, domin sauti sai da iska ko ruwa ko wani abin da zai ɗauke shi, sararin samaniya kuwa wayam yake. Sai na ɗauki takarda na fara da tambaya ɗaya: idan halitta ta kai wannan girma, yaya rayuwarta za ta kasance?

Girman ne ya fara ja mini linzami. Duk abin da faɗinsa ya wuce 'yan ɗaruruwan kilomita, nauyinsa da kansa yakan murɗe shi ya zama dunƙule. Ceres, wani curin dutse da ƙanƙara da ke tsakanin duniyar Mars da Jupiter, faɗinsa wajen kilomita 940 ne, kuma ga shi nan a mulmule. Wato dodon da ya kai girman duniyarmu ba zai yi wuya ko hannu ko wutsiya ba, ƙwallo zai zama. Don haka na ƙanƙantar da gangar jikinsa, na ba shi fukafukai sirara ƙwarai, masu faɗin kilomita 100,000. Da su yake shan hasken tauraro, da su kuma yake fitar da zafin jikinsa. Wannan batu na zafi ya ba ni mamaki sosai. Mutane suna ɗauka sanyi ne matsalar sararin samaniya, tunda can nesa da taurari yakan kai digiri 270 ƙasa da sifili, alhali babbar halitta zafinta ne zai dame ta, don babu iskar da za ta kwashe shi. Naman jiki kuwa ba a gina shi da haske kaɗai, shi ya sa na sa yana haɗiye taurari masu wutsiya, waɗanda ƙanƙara ce da ƙura.

Inda na fi daɗewa shi ne kan jijiyoyi. A jikin mutum, saƙo mafi sauri yana gudun kusan mita 120 a daƙiƙa. Na raba faɗin fukafukan da wannan, sai lissafi ya ba ni kusan kwana 10. Ma'ana, in ka ƙona masa gefen fiffike yau, zafin ba zai ratsa zuwa ɗaya gefen ba sai bayan mako guda da ɗoriya, kuma ko tsakiyar jikinsa sai ya yi kwana biyar a hanya, sannan amsa ta sake yin wasu biyar ɗin. Da na so, da na ce jijiyoyinsa da haske suke aiki, tunda haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, shi ke nan an wuce wurin. Na ƙi. Jinkirin nan shi ne dodon. Halittar da tunani ɗaya ke ɗaukar ta kwanaki ba za ta taɓa sanin da mutum ba, ya zo ya wuce kafin ta farga. Ba ta ƙin kowa, ba ta farautar kowa. Ta juya ne kawai, kamar giwar da ta taka tururuwa tana kan hanyar rafi, sai tashar da mutane suka gina ta wargaje.

A ganina wannan ya fi mugun dodo ban tsoro. Mugu ana iya roƙonsa, ana iya yaudararsa, ana iya ba shi haushi ya yi ganganci. Wanda bai san kana raye ba fa, me za ka ce masa?

Bayyanarsa kuma daga abin da ya faru da gaske na aro. Masu binciken taurari kan gano duniyoyi masu nisa ne idan hasken tauraro ya ɗan ragu lokacin da wani abu ya gitta gabansa. Duniya mai girman Jupiter takan rage hasken tauraro irin ranarmu da kusan kashi 1 cikin 100. A 2015 aka ba da rahoton wani tauraro, KIC 8462852, wanda na'urar hangen nesa ta Kepler ta ga haskensa yana raguwa har da kusan kashi 22 cikin 100, ba kuma a kan wani tsari ba. Daga baya bincike ya fi karkata ga cewa ƙura ce. A labarina ba ƙura ba ce. Ma'aikatan kumbon suna ganin lambobi suna sauka a allo, suna gardama ko na'ura ce ta lalace, kuma har labarin ya yi nisa mai karatu bai ga komai ba sai wannan. Suka sa wa dodon suna Inuwa. Waɗanda na ba su karanta rubutun sun fi yawan ambaton wannan sashe, shafin da na siffanta jikinsa dalla-dalla kuwa ba wanda ya tuna da shi, sai na datse shi ya koma layi kaɗan.

Jinkirin ya kuma gyara mini tsarin babi-babi. Yaƙi irin na harbi da ramuwa nan take ba zai yiwu ba. Abin da ya rage shi ne jira: kyaftin ta ba da umarnin a huda fiffiken don su samu hanya, aka huda, ba abin da ya motsa. Injiniyan kumbon ne ya zauna ya lissafa musu ranar da amsar za ta iso, ya kuma nuna cewa man da ke gare su ba zai fitar da su daga ƙarƙashin fiffiken kafin ranar ba. Babi huɗu na ƙarshe duk a cikin waɗannan kwanaki goma suke, kuma yawancinsu rigima ce tsakanin mutanen kan wanda zai shiga ƙaramin kumbon ceto.