Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kura da Shan Bugu

Makon jiya na tsaya a inda na karɓi lasisin gyaran jirgin sama. Wasu sun aiko suna tambayar dalilin da na tsallake auren uwargida da rasuwar Inna. Za mu zo kansu in Allah ya yarda. Yau maganar albashi ce ta tsaya mini a rai.

Ranar da na dawo ƙauyenmu daga makarantar koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, mutanen Ringim har da na ƙauyukan gefen kogi sun zo ganin ɗan maƙera da zai riƙa tashi sama. Da na ce musu gyara zan riƙa yi, wani ne zai tuƙa, sai na ga fuskoki sun sauya. Baffa yana zaune a bakin maƙera, bai ko ɗago ba ya ce, "Ɗan nan, ka zaɓi aikin kura. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Na ji haushinsa a ranar. Allah ya jiƙan Baffa.

Bari in faɗa wa yaran yanzu mene ne aikin. Lasisina na A da C ne, A na gangar jirgi, C na inji. Jirgi ba ya barin ƙasa sai ɗayanmu ya sa hannu a littafinsa cewa lafiyarsa ƙalau. Matuƙi ko ya kai shekara talatin yana tashi, sai ya jira wannan sa hannun. In wani abu ya faru a sama, littafin za a fara buɗewa, sunanka za a nema. Lokacin jigilar alhazai daga Kano zuwa Jidda a filin jirgi muke kwana, muna duba taya da birki da man inji da tocila a baki, hunturu na tsaga mana hannu. Da asuba matuƙi zai zo da farar riga, alhazai na yi masa addu'a, mu kuwa muna bayan rumfa muna wanke baƙin mai da kananzir.

Ba na ƙyashin matuƙa, aikinsu ma rai ne a hannu. Abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya shi ne takardar albashi. Bayan an shigo da SAP, tsarin gwamnati na gyaran tattalin arziki, a 1986 naira ta faɗi, kuɗin da a da yake kai ni ƙarshen wata har in aika wa Inna buhun gero ya koma ba ya wuce sati biyu. Kamfanin da nake yi wa aiki ya gyara wa matuƙa alawus, mu aka bar mu a jeri ɗaya da masu lodin kaya, wai duk ma'aikatan ƙasa ne. 'Yan'uwa suka tura ni cikin wakilan ƙungiya. Buƙatunmu a fili suke: a biya kuɗin lasisi daban, a ƙara wa wanda ya ci jarrabawar sabon nau'in jirgi, a biya aikin dare, a kuma rubuta injiniya a gaban sunanmu.

Manajan da ya zauna da mu, ba zan ambaci sunansa ba don 'ya'yansa na raye, ya ce kayan gyara da dala ake saye, kamfani ba shi da rara. Wannan gaskiya ne, mu ne muke ɗaura kayan, mun san tsadarsu. Amma sai ya ƙara da cewa, "Malam, makanike ai makanike ne, ko a Ƙofar Ruwa akwai su." Na ce, "Ranka ya daɗe, to gobe a ɗauko ɗaya daga can ya sa hannu, kai kuma ka hau da iyalinka." Har yau ina alfahari da wannan amsa, ko da yake ita ta sa aka riƙe mini ƙarin girma shekaru.

Kwanan baya jikana ya nuna mini a waya cewa a Amurka an ware ranar 24 ga Mayu don masu gyaran jirage, ranar haihuwar Charles Taylor, mutumin da ya ƙera injin jirgin 'yan'uwan nan Wright, waɗanda suka fara tashi da jirgin sama mai inji a 1903. Kowa ya san Wright, shi kuwa sai da aka daɗe kafin a tuna da shi. Na ce wa yaron ashe can ma maganar Baffa ce. Amma su aƙalla sun waiwayo, har lambar yabo ake bayarwa da sunansa ga wanda ya yi shekara 50 yana aikin. Ni da na bar aiki ko takardar godiya ban gani ba.

Mu koma teburin. Da magana ta ƙi, muka ajiye biro. Ba mu rufe ƙofa ba, ba mu zagi kowa ba, sa hannu kawai muka daina, jirage suka yi cirko-cirko a fili. Da mun jure da mun samu duka. Sai wani daga cikinmu, wanda muka ci tuwo a kwano ɗaya tun Zariya, ya lallaɓa da dare ya sa hannu. Aka ba shi kujera da mota. Mu aka ba mu kuɗin dare da wani ɗan abu a kan lasisi, maganar suna kuwa aka ce sai an kafa kwamiti. Da na je gida na ba Baffa labari, ya ce ashe har a cikin kuraye akwai gardi.

Mutumin nan da ya sa hannu ya zo mini gaisuwar rasuwar uwargida bara, na karɓe shi, na ba shi ruwa, amma ban raka shi bakin mota ba. Mako mai zuwa zan kawo yadda aka yi da kwamitin, da abin da ya sa na sayar da gonar fadama.