Kar ka biya kuɗin sukwaya sai ka gwada ta a gaban mai shago

Wallahi har yanzu in na tuna wadirob ɗin nan raina ɓaci yake. Aikin kayan ɗaki ne na wata amarya a Unguwar Rogo, Hajiya uwar yarinyar ta ba ni kuɗin kaya tun da wuri, na shiga kasuwar Katako a nan Jos na zaɓo falankai da filawud masu kyau, sannan na biya wani shago na sayi sabuwar sukwaya, wato abin da kafinta ke auna daidaiton kusurwa da shi, don tawa ta tsufa lambobinta sun goge. Sabuwa dal a leda, sai sheƙi take, mai shagon har cewa yake oga wannan ai ba irin ta kowa ba ce.

Yanka ya tafi lafiya, zarto bai ba ni matsala ba. Sai da na zo haɗawa na ga jikin wadirob ya ƙi tsayawa daidai, ƙofa ɗaya tana gogar sama ɗayar ta bar fili a ƙasa har yatsa na shiga. Na zargi ƙasan shago, na zargi katako ko bai bushe ba, har yarona Allah sarki ya sha faɗan da ba nasa ba. Wani dattijon kafinta da ke kusa da mu ne ya leƙo, ya ce ɗana kawo sukwayar nan. Ya samu filawud mai miƙaƙƙen baki na kamfani, ya jingina ta ya ja layi, ya kifa ta ɗaya gefen ya sake jan layi daga wuri ɗaya. Layukan suka tashi tare a ƙasa, kafin su kai ƙarshen santimita 30 sun rabu da kusan milimita 2. Ya ce raba biyu, shi ne karkatar ta, wato milimita 1. Na ce Baba milimita ɗaya tal? Ya ce to lissafa. Gefen wadirob faɗinsa santimita 60 ne, ka ga karkatar ta zama milimita 2 a gindi, tsayinsa kuwa mita 2, kafin ka kai sama ya kwanta da wajen milimita 7. Kuma kowane yanki da na yanka da wannan sukwayar na zana shi, duka.

Abin da ke ƙona min rai shi ne gwajin nan ko minti ɗaya ba ya ci. Da na koma da sukwayar mai shagon cewa ya yi an buɗe leda ba a dawowa da kaya. Filawud ƙafa 4 da ƙafa 8 kowa ya san ba araha yake ba yanzu, daga aljihuna na sake saye, don ba zan kai wa Hajiya karkataccen kaya ba ana saura kwanaki biki.

Tun daga nan in zan sayi sukwaya da ɗan guntun filawud da fensir nake zuwa, a gaban mai kaya zan gwada, in ya ɓata rai in ƙara gaba. Kuma na fi son ta ƙarfe zalla wadda kaurinta ke cika hannu. Mai mariƙin katako tana da daɗin riƙo amma a Jos ɗin nan da damina ke jiƙa komai sannan hunturu ya zo ya busar, katakon yana motsi, ƙusoshin haɗinta su saki. Sukwaya mai zamewa da ake ɗaurewa da noti tana da amfani sosai, tana ba ka kusurwar digiri 90 da 45 har zurfin rami tana aunawa, sai dai ta araha notinta ba ya kamawa, gara ka haƙura ka tara kuɗin mai kyau. In ta faɗi ƙasa ko sau ɗaya ne, a sake gwada ta.

Babban aiki kuma na daina dogara da sukwaya ita kaɗai. In auna santimita 60 daga kusurwa a gefe ɗaya, 80 a ɗayan, tsakaninsu dole ya ba ni 100. Kafin gam ya kama in ja tef ɗin awo daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, in ba su zo ɗaya ba ba a buga ƙusa. Da na yi wannan a ranar da tun a yanki na farko asirin sukwayar nan zai tonu.

Maganar tef ba ta da tsawo. Ɗan ƙarfen bakinsa da ke motsi ba lalacewa ba ce, da gangan aka yi shi yana motsawa daidai kaurinsa don awon ciki da na waje su zo daidai, na sha ganin yara suna bubbuge shi da hamma wai gyara suke. A bar shi. Kuma tef ɗaya za a yi aiki da shi daga farko har ƙarshe, ba ni da nawa yaro da nasa ba. Inci ɗaya milimita 25.4 ne ba 25 ba, masu zagayewa su ne durowarsu ke cijewa.

Fensir kuwa, mai faɗin nan na kafintoci ya yi wa aikin rufi da yankan farko, amma wajen haɗi layinsa ya yi kauri, sai ka rasa ta wane gefe zarto zai bi. Yanzu da siririyar wuƙa nake zana layin haɗi, tana yanke zaren katakon, bakin kurfi ya faɗa cikin layin da kansa, filawud ma ba ya tsagewa a baki. Geji ma na saya, wato abin jan layi a jikin katako, mai allura biyu, in saita shi da faɗin kurfin da zan yi rami da shi, in riƙa ja daga fuska ɗaya ta katakon kullum. Shi wannan ko da kanka za ka iya haɗawa da guntun madaci da ƙusa, ba sai ka kashe kuɗi ba. Kuɗin ka ajiye wa sukwaya.

Waccan karkatacciyar sukwayar kuwa tana nan rataye a bango, na shafa mata jan fenti don kar wani yaro ya ɗauka ya yi min layi da ita.