Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Ranar da Na Ci Ƙwallo Biyu

Makon jiya mun tsaya inda gwiwata ta hagu ta goce a wurin atisaye, wani abokin wasana ya miƙo min tramol a ƙunshe cikin safa. To, mu ɗora daga nan.

Da farko ɗaya nake haɗiya, mai miligiram 100, ranar wasa kaɗai. Kafin damina ta ɗauke na koma mai 225, wadda doka ba ta yarda a sayar ba, kuma da wasa da babu sai na sha. Gwiwa kam tuni ta warke, ban dai faɗa wa kowa ba. Hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasannin duniya, ba ta haramta wa 'yan wasa tramol lokacin gasa ba sai Janairun 2024, don haka ina da abin fakewa: ai magani ne.

Tun ina ɗan shekara tara, da ƙungiyar Wikki Tourists ta Bauchi ta ɗauko kofin ƙalubale a 1998, burina ɗaya ne, in ji filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa yana kiran sunana. Allah kuwa ya nufa. A wani wasan kofin jiha na zura biyu, ta biyun da ka, saura minti uku a tashi. Aka ɗaga ni sama, wani dattijo yana cusa min kuɗi a safa, yara suka bi mashin ɗinmu har shataletalen Wunti.

Wallahi ban ji komai ba. Kamar wani ake yi wa murnar, ni ɗan rakiya ne. Lissafin da ke kaina kawai shi ne saura ƙwaya uku a ƙarƙashin katifa, gobe kuma Lahadi, mai kemis ba ya buɗewa da wuri. Idan ta yanke min na san abin da ke jirana: hamma, gumi, hanci na zuba, ƙafafu su hana ni kwanciya har asuba.

Ina shiga gida na wuce ɗaki na ɗaga katifar. Wayam.

Sai ga Inna da kwanon tuwon shinkafa da miyar taushe. Ta ajiye, ta zauna a bakin ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Auta, an ce kai ka ci musu wasan."

"E, Inna."

"Madalla." Ta kwance bakin zanenta, ta zube fankon ƙwayoyi a kan tabarma, sun fi ashirin. "Na share ɗakin nan ɗazu. Wannan fa, na wane ciwo ne?"

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.