Farl, kashi ɗaya cikin huɗu

Asabar, Edinbara, babban birnin Sukotlan.

Yau da hantsi dattijuwar da nake haya a gidanta ta kwaɓa garin ots, hatsin nan da muka fi sani a gwangwanin Quaker, da ruwan zafi da gishiri da ɗan kitse, ba yisti ba sukari. Ta murza kwaɓin ya yi fale-fale, faɗinsa kamar na faifai, sannan ta ratsa shi da wuƙa a tsaye da kuma a kwance, ta jera yankan huɗu a kan kaskon ƙarfe har gefunansu suka fara lanƙwashewa sama. Da na tambayi sunansa, sai ta ce dunƙulallen kafin a yanka bannock ne, kowane yanki mai kusurwa uku kuwa farl ake ce masa.

Bayan la'asar na bi diddigin kalmar a ƙamus. An gutsure ta ne daga fardel, wadda ta samo asali daga kalmomi biyu na tsohon Turanci, ɗaya tana nufin na huɗu, ɗayar kuma tana nufin kashi ko rabo. Ashe sunan bai ambaci hatsin ba, bai kuma ce komai game da rashin kaurin abin ba. Aikin wuƙa kaɗai ya bayyana. Saboda haka, a ganina, ƙamusun da suka fassara farl da siririn biskit na ots sun kama gefe ɗaya ne kawai, domin a Ireland ta Arewa da wannan suna ake kiran burodin soda mai kauri da na dankalin turawa, muddin an raba su gida huɗu.

Mutanen Yorkshire da ke arewacin Ingila kuwa hatsin suka duba, suka ce havercake, daga hafri, sunan ots a tsohon harshen mutanen Sikandinebiya.

Abincin kansa tsoho ne a Sukotlan, inda sanyi da yawan ruwan sama suka fi yi wa ots daɗi a kan alkama. Tun a ƙarni na 14 marubucin tarihi Jean Froissart ya bayyana yadda mayaƙan ƙasar ke ɗaura jakar gari da farantin ƙarfe a jikin sirdi, su gasa irin wannan waina a duk inda suka yada zango.

Da magariba muka ci namu da cuku da shayi. Yana da ƙaras-ƙaras da ɗan ƙanshin gashi, amma sai da abin sha yake wucewa. Na kanti galibi ƙanana ne zagayayyu, tun da kuwa ba a raba su huɗu ba, dattijuwar ta ce oatcake, wato wainar ots, kawai take kiran su.