Gas ɗin firij ya canja sau biyu a hannuna

Gyaran firij da iyakwandishan nake yi, ni da yara huɗu a shago. Lokacin da nake koyon aiki, gas ɗin R12 kawai muka sani a firij. In an kawo gyara, maigidana, Allah ya jiƙansa, sai ya yanke bututu, gas ya bi iska, mu ci gaba da hira. Ba mu san abin nan sama yake hawa yana cinye ozon ba, rufin da ke tare mana mugun hasken rana mai jawo cutar dajin fata da yanar ido.

Ashe tun 1987 aka ƙulla yarjejeniyar Montreal a Kanada don kare ozon, ƙasashe irin Najeriya aka ba su zuwa 2010 su rabu da R12. Muka koma R134a, muka sha wuya, don man kwamfuresarsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya ɗura sabon gas a kan tsohon mai, firij ɗin sai ya dawo masa. Yanzu kuma R22 na iyakwandishan ake janyewa a hankali, nan da 2030 saura ɗan na gyara kawai. Shi ma R134a, duk da ba ya taɓa ozon, yana ɗumama duniya, shi ya sa a 2016 aka sa shi a layin waɗanda za a rage, a taron Kigali, babban birnin Ruwanda.

Wanda ke hana ni barci shi ne R600a da sababbin firij ke zuwa da shi. Yana sanyi, ba ya cin wuta da yawa, amma yana kama wuta. Awonsa da sikeli ake yi, giram-giram, ba da kintace ba. Wata rana yarona ya kunna wutar walda kafin gas ya gama fita daga bututu, harshen wuta ya lashe masa gira. Allah ya kiyaye. Tun ranar, ba mai kunna ashana a shagon sai na duba da kaina. Yara nawa ne a bakin titi ba wanda ya taɓa koya musu wannan?

Na daure na sayi injin zuƙe gas, na hannu, don in daina sakin R22 a iska. Yana cin lokaci. Da azumi wani mai sayar da ƙanƙara ya tsaya a kaina: “Malam, ka sake shi mana, kaya na narkewa!” Na miƙa masa kujera, na ce ya ba ni minti 20.