Jifa 119 cikin kwana biyu

A Fagge na tashi, inda ƙwallon ƙafa da langa ne wasanmu, sai dambe idan kaka ta yi. Ban taɓa riƙe sandar besbol ba sai da na zama uba a jihar Jojiya ta Amurka. A 2017 ɗana, yana da shekara bakwai, ya dawo daga makaranta da takardar shiga ƙungiyar unguwa, ya ce, “Baba, duk abokaina sun shiga.” Na sa hannu. Da aka rasa wanda zai taimaka wa kocin da kwashe ƙwallaye, ni na miƙe, kuma daga nan ban sake zama a kan benci ba.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum tara ne a kowane ɓangare. Ɗaya yana tsayawa a kan ɗan tudu ya jefa ƙwallo, abokin hamayya ya yi ƙoƙarin bugunta da sanda ya zagaya tashoshi huɗu kafin a fitar da shi. Komai a hannun mai jifan nan yake. Idan hannunsa ya yi kyau, an ci rabin wasa.

Wasan unguwa irin na Little League, wanda aka kafa tun 1939 a Wiliyamsfot ta jihar Fensilbaniya, kowa ake ɗauka, kowa kuma sai ya buga. Ƙungiyar tafiye-tafiye daban take. Ana yin gwaji a zaɓi yara goma sha ɗaya ko sha biyu, iyaye su biya, a riƙa bin gasa daga gari zuwa gari kusan kowane ƙarshen mako. Yankinmu kuwa cibiyar abin ne: ga filayen East Cobb a Mariyeta, ga LakePoint a Emason a bakin babbar hanya mai lamba 75, inda ƙungiyoyi ke zuwa daga jihohi masu nisa. Ranar Asabar wasa biyu na share fage, ranar Lahadi kuma sili-ɗaya-ƙwale, in kana ci ka yi wasa uku ko huɗu kafin rana ta faɗi. A ƙungiyarmu a lokacin kowane gida na biyan dala 1,500 a kaka, ban da otal da man mota, ban da sandar da kan kai dala 400. Wanda ya kashe wannan kuɗi ba ya zuwa fili don shan iska, kuma ina gane masa.

A 2022 na zama babban kocin 'yan shekara 12 zuwa ƙasa a ƙungiyar tafiye-tafiye. Azumi ya faɗo a watan Afrilu, tsakiyar kaka, ina tsaye a rana da bakina a bushe ina kiran sunayen yara. Wata uwa, ba Musulma ba, ta lura ba na shan ruwa, ta tambaya, mako na gaba sai ga ta da dabino a leda don buɗa-baki. Har yau ina yi mata addu'a. Ɗanta ne yaron da zan ba da labarinsa.

Bahago ne, siriri, marar surutu, kuma ba mu da mai jifa kamarsa. A watan Yuni muka je wata gasa a maƙwabciyar jiha. Ranar Asabar ya yi jifa 48. Ranar Lahadi muka ci wasa biyu da wasu yaran, muka kai wasan ƙarshe, masu jifana duk sun ƙare. Dokar gasar zagaye take ƙirgawa (zagaye na ƙarewa ne idan an fitar da masu bugu uku), ba yawan jifa ba, kuma a lissafinta yaron yana da sauran dama. Na durƙusa a gabansa na ce, “Yaya hannun?” Ya ce lafiya lau. Wane ɗan shekara 12 ne zai ce wa kocinsa a'a alhali zoben zakara na kan tebur ana gani? Na sani a lokacin, amma na tambaya don in sami abin fakewa.

A zagaye na huɗu na ga yana yarfa hannu bayan kowace jifa, ƙwallon kuma tana tashi sama da inda yake nufi. Na gani da idona. Na ce a raina saura mutum biyu a fitar, bari ya ƙarasa. Ya ƙarasa da jifa 71, muka ci, aka raba wa yara zobba, aka ɗauki hoto. Ranar Laraba uwarsa ta kira ni. Yaron ba ya iya miƙe hannu ya ɗauki kofi. Likita ya ce wurin da ƙashi ke girma a cikin gwiwar hannu ne ya kumbura saboda yawan jifa, ciwon da har sunan Little League ake laƙaba masa, kuma mako shida kada ya jefa ko da dutse.

Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, “Koci, kai na ba wa shi.” Da na ajiye waya matata ta dube ni ta ce, “Abban yara, da naka ne, da ka bar shi ya ƙarasa?” Na yi shiru, domin amsar a fili take.

A daren na zauna na karanta ƙa'idojin Pitch Smart, waɗanda babbar hukumar besbol ta MLB da hukumar wasan ta ƙasa, USA Baseball, suka fitar a 2014. Na sha jin sunansu, ban taɓa buɗewa ba. Ɗan shekara 11 zuwa 12 kada ya wuce jifa 85 a rana. In ya yi 21 zuwa 35, hutun kwana ɗaya; 36 zuwa 50, kwana biyu; 51 zuwa 65, kwana uku; daga 66 zuwa sama, kwana huɗu. Wato jifa 48 na ranar Asabar sun riga sun hana shi hawa tudun nan sai Talata. Dalilin kuwa ƙashin yaro bai gama haɗewa ba, wurin girman ya fi jijiyar da ke jan sa rauni, kuma gajiya ce babbar hanyar ciwo. Aikin tiyatar da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa ɗan wasa Tommy John a 1974, na canza jijiyar gwiwar hannu, don ƙwararru aka san shi a da. Yanzu ana yi wa 'yan sakandare.

Na je gidansu na ba iyayen haƙuri a gaban yaron. Ban ce dokar gasa ce ta yarda ba, domin ba doka ce ta ga yana yarfa hannu ba.

Daga nan tsarin ƙungiyar ya canza. Na sayi ɗan abin ƙirga na hannu, na kuma ba wani uba aikin rubuta kowace jifa a manhajar GameChanger, mu biyu muna kwatanta lissafi bayan kowane zagaye. Na daina tambayar yaro ko hannunsa na ciwo a tsakiyar wasa; lamba ce ke magana. Na koya wa yara tara cikin sha biyu jifa, har da waɗanda ƙwallonsu ke tafiya kamar ta gaji, domin ƙungiya mai masu jifa uku dole ta cinye su. Wanda ya tsuguna yana cafe ƙwallo a wasan safe ba ya jifa da yamma, tunda shi ma hannunsa ya yi aiki. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne gano cewa wasu yaran suna buga wa wata ƙungiya a tsakiyar mako ba tare da na sani ba. Sai na sa kowace Juma'a iyaye su turo mini abin da ɗansu ya jefa a ko'ina. Gida biyu suka bar mu a ƙarshen kakar, suka ce ba na son cin kofi. Mun sha kashi a Lahadi da dama da za mu iya ci, kuma kowanne ya yi mini zafi.

A watan Agusta muka yi tafiyar da kowane ɗan shekara 12 ke mafarki, zuwa Kufastawun a jihar Niyok, garin da gidan tarihin besbol yake, kusan sa'a 15 a mota. Mako guda yara na kwana a ɗaki ɗaya da kocinsu, suna musayar bajoji da ƙungiyoyin wasu jihohi. Bahagon nan ya zo, likita ya yarda ya buga da sanda ya tsare tasha ta farko, amma ban da tudu. Kullum da safe ina ganin sa yana kallon masu jifa suna ɗumama hannu. Wannan makon sau ɗaya ake samun sa a rayuwa, kuma ni na rage masa shi.

Yanzu ƙungiyar sofbol (wasa mai kama da besbol) ta 'yata nake koyarwa, 'yan shekara goma zuwa ƙasa. Ƙwallonsu ta fi girma, kewayenta inci 11, nisan jifa ƙafa 35, kuma ta ƙasa ake wurgowa bayan an juya hannu kamar fanka. A nan kowa zai ce maka irin wannan jifa ba ta lahani, yarinya ɗaya za ta iya wasa huɗu a rana. Kafaɗa dai kafaɗa ce, kuma na ga yadda suke riƙe ta a mota in za a koma gida. Watan jiya muna gaba da ci ɗaya a zagayen ƙarshe, lambar da na ɗebar wa mai jifarmu ta cika. Na ɗaga wa alƙali hannu na nufi tsakiyar fili. Babanta ya taso har bakin waya yana cewa, “Koci, saura mutum ɗaya fa!” Na ce masa na sani. Na karɓi ƙwallon daga hannunta, na miƙa wa wata yarinya da ba ta taɓa jifa a wasan Lahadi ba, hannunta na rawa, na ce ta kalli safar mai cafewa kawai ta jefa.